Abin da Na Ce Kwamfuta Za Ta Zama

Litinin, 1 ga Satumba

Mai ginin ya zo da kansa yau, abin da bai saba ba. Ƙarshen wata mai zuwa zai fasa gaban ginin, a yanka shagona gida uku, a ba masu sayar da waya. Yana faɗa yana kallon silin, kamar a can aka rubuta masa maganar. Na ce na ji.

Ya ce, "Injiniya, ai ka ma huta."

Wa ya ce masa na gaji?

Da ya tafi na tsaya ina kallon kanta. Kwamfuta goma sha tara, manyan nan na kan tebur, waɗanda masu su suka kawo gyara ba su dawo ɗauka ba. Akwai wadda ta girmi 'yata Auta. Duk na gyara su. Kowace ka jona za ta tashi. Shekara talatin da ɗaya a ɗakin nan, abin da zan fita da shi ke nan.

Ban gaya wa Maman yara ba tukuna.

Laraba, 3 ga Satumba

Mutum ɗaya ya leƙo. Wai ko ina manna gilashin waya.

Alhamis, 4 ga Satumba

Auta ta biyo ta shago daga wurin aiki, tana dariya tun daga bakin ƙofa. "Baba, ka shahara!" Ta miƙo mini wayarta.

Ni ne. Ni da gashin baki, da kwat ɗin da na ara wurin mijin ƙanwata, hannun ya kusa rufe mini yatsu. Shirin talabijin ɗin nan ne na shekara talatin da suka wuce, da aka gayyace ni in yi bayanin yadda kwamfuta za ta zama nan gaba. Na ɗauka kaset ɗin ya ruɓe tuntuni. Wani ya tono shi, ya yanko minti huɗu, ya saka a intanet.

Na ce kowane gida zai samu kwamfuta a falo, da teburinta, da mayafinta, iyali su kewaye ta da yamma. Na ce takarda za ta ɓace daga ofisoshi. Na ce tafireta shekara biyar ta rage mata. Na ce mai gyaran kwamfuta zai zama kamar likita, kowace unguwa da nata, ana gaishe shi da girma. Sai mai tambayar ya ce ya karanta wai wata rana za a riƙa sa kwamfuta a aljihu. Na yi dariya. Kai, dariyar nan. Har da dukan gwiwa. Na ce, "To ina za a sa fankar?"

Nan suka yanke, suka maimaita shi sau uku.

A gefena Babba ne a tsaye, ɗana na fari, yana ɗan shekara tara, rungume da kibod kamar an ba shi jariri. Na dafa kansa na ce ga wanda zai gaji shagon.

Auta ta ce mutum sama da dubu ɗari sun kalla. Na ce ta ɗauke mini wayar daga teburin aiki. Ta daina dariya.

Asabar, 6 ga Satumba

Mai shayin bakin layi yana zuba mini, bai ko ɗago ba: "Injiniya, ina za a sa fankar?" Duk bencin suka kwashe. Har da mai walda, wanda sau biyu ina ceto masa hotunan 'ya'yansa daga injin da ya mutu.

Na ajiye kofin na tashi.

Fankar gaskiya ce. Duk wanda ya taɓa buɗe cikin kwamfuta a lokacin ya san zafin da take yi. Ka tsayar da fankar minti goma, za ka ji ƙauri. Abin da na gani da idona na faɗa, abin da hannuna ya taɓa. Su da suke dariya, a wancan lokacin ko kunna ta ba su iya ba. Layi suke yi a ƙofar nan, suna cire takalmi kafin su shigo, ba wanda ya ce su cire.

Yaran makaranta sun wuce da rana. "Baba Fanka! Baba Fanka!" Na samu sabon suna a shekara sittin da huɗu.

Talata, 9 ga Satumba

Na gaya wa Maman yara maganar shago. Tana wanke kwanuka, ba ta juyo ba. Ta ce, "Dama kujerar kawai kake gadi."

Can ta ce, "Malam, ka kira Babba ka gaya masa. Shi ma ya yi zaman shagon nan."

Na ce wanda ya bar wuri da ƙafarsa ba a kai masa labarin wurin.

Ta ce, "Da ƙafarsa?" Shi ke nan abin da ta ce.

To, bari in rubuta yadda aka yi, ko don kaina. Ya gama sakandare ya kawo mini fom na makarantar koyon aikin jinya. Na ƙi sa hannu. Na ce masa nan da 'yan shekaru inji ne zai riƙa auna marar lafiya, nas sai dai wanke gado. Na ce ga sana'ar gobe a hannun ubanka, wasu neman ta suke da kuka. Ya zauna. Shekara goma sha ɗaya ya zauna, kuma ya iya aikin, hannunsa ya fi nawa sanyi a kan dalma. Sai aiki ya fara ja baya. Ya ce, "Baba, mu fara gyaran waya, can mutane suka koma." Ya sayo 'yan kayan aikinta a ƙaramin akwati. Na ce ba za a mayar mini da shago wurin kayan wasan yara ba. Ya ƙara magana. Na ɗauki akwatin na ajiye a bakin titi.

Akwatin na fitar. Ban ce masa ya fita ba. Shi ya bi akwatin.

Shekara goma ke nan. Ya shiga makarantar jinyar yana da talatin, cikin sa'o'in Auta. Yanzu yana wani ƙaramin asibiti can ƙarshen gari, mota biyu daga nan. Yana zuwa gaishe da uwarsa a lokacin da ya san ina shago. In muka haɗu a wani taro, "Ina wuni Baba," "Lafiya," a wuce.

Alhamis, 11 ga Satumba

Wani yaro ya kira. Shi ne ya saka bidiyon, yana da shiri a intanet. Baki kamar zuma. "Baba, mu fa girmama ka muke yi. Ka zo mu waiwayi hasashen nan tare, ka faɗi naka ɓangaren."

Na ce ku da kuka yanke mini magana.

Ya ce cikakken kaset ɗin yana hannunsu, minti arba'in, za su saka duk inda nake so.

Na ce zan yi tunani. Ƙarya ne, tun yana magana na san zan je.

Asabar, 13 ga Satumba

Na rufe ƙofar shago rabi, na sauko da kwalin tsofaffin mujallu. Gara ta ci na ƙasa. Na sami littafin da na shirya jawabin a ciki, da rubutuna na lokacin, tsaye cak, ba rawa.

Ga abin da suka yanke. Na ce za a aika wasiƙa ta isa wata ƙasa kafin a ɗauke yatsa. Ya faru. Na ce uwa za ta ga fuskar ɗanta yana wata duniya, suna magana. Ya faru. Na ce za a sayi kaya ba a taka kasuwa ba, mai tambayar ma dariya ya yi mini a nan. Wa ya maimaita wannan sau uku?

Abin ya zo. Duk ya zo. Kawai bai biyo ta ƙofata ba.

Mujallun ma na duba. Masu digiri, masu gilashi, da zanen gidan gobe: kwamfuta jibgegiya a bango, uwa da uba da yara suna murmushi a gabanta. Su ba wanda ya san inda suke zaune, balle a bi su da ihu a layi.

A gidana yanzu, in an gama cin abinci, Auta da wayarta, Maman yara da tata, kowa ya sunkuya. Kwamfutar da na sa a falo da teburinta da mayafinta, a kanta ake ajiye makullai.

Litinin, 15 ga Satumba

Na je ofishin da ake mayar da takardar izinin shago. Fom uku suka ba ni. Takarda za ta ɓace, in ji ni.

Ina fitowa na ji ƙarar. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ting. A ƙarƙashin bishiyar bakin ofishin, Mai Tafireta. Da shagonsa yana jikin nawa, gyaran tafireta yake yi, tare muke cin abincin rana shekara guda. Bayan shirin nan ya daina shigowa, saboda abin da na faɗa a gaban duniya, kuma kowa a layin ya san wa nake nufi. Daga baya ya tashi.

Ya tsufa, haƙoran gaba sun tafi. Amma mutum biyar ne a bencinsa suna jira ya buga musu takarda. Biyar.

Na so in wuce. Ya ce, "Injiniya! Ka zo ka duba ko na mutu?"

Na gaishe shi. Ya ce jikarsa ta nuna masa bidiyon. Ya ce, "Shekara biyar ka ba ni. Na cinye su, na ƙara biyar sau biyar. Ko ka manta ka sabunta mini?"

Mutanen bencin suna dariya ba su san kan zancen ba.

Na ce shagona ma ya ƙare. Ban san me ya sa na gaya masa ba. Ya tsayar da bugun. Na jira ya rama, ina ma so ya rama. Sai ya ce, "Ayya." Ya matsa mini gefen benci. Ya karɓi fom ɗina ya buga mini, ya ƙi karɓar komai.

Da zan tafi ya ce, "Ina yaron nan naka mai shiru? Kullum in ka fita sai ya zo ya tambaye ni ciwon bayana."

Na ce yana nan lafiya.

Ban taɓa sanin yana da ciwon baya ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na ce wa Auta ta karanta mini abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon, in san inda zan kare kaina. Ta karanta na zagi, ta karanta na tausayi, na tausayin sun fi ciwo. Sai na ga yatsanta ya yi sauri ya wuce wani. Na ce ta koma. Ta ce ba komai ba ne. Na ce ta koma.

Ta miƙo mini wayar ta tashi ta shiga kicin.

Na nemo gilashina. Hoton Babba ne ƙarami, da farar riga. Ya rubuta: "Ni ne yaron da ke riƙe da kibod. Ku daina zaginsa, dattijo ne, kuma ya iya aikinsa. Ku dai dariyar minti huɗu kuka yi. Ni hasashen nan shekara goma sha ɗaya ya ci mini."

Mutum dubu biyu sun danna alamar so.

Jumma'a, 19 ga Satumba

"Dattijo ne," in ji shi. Kamar wani maƙwabci.

Lahadi, 21 ga Satumba

Mun yi da Maman yara. Na ce ɗanki ya tsaya a kasuwar duniya ya tuɓe ni. Na ce wa ya ciyar da shi shekara goma sha ɗayan? Wa ya koya masa riƙe sukudireba? Na ce da na bar shi a titi fa?

Ta bar ni na gama. Ta ninke zanin da ke hannunta, ta ajiye.

Ta ce, "Lokacin da Inna ta kwanta," uwata take nufi, "wata bakwai, wa yake juya ta? Wa yake mata wanka, yana shafa mata mai a baya don kar ya yi gyambo? Ka ɗauka ni ce. Ni bayana ba ya iyawa. Yana ɗan shekara sha shida. Kafin ya tafi makaranta, da in ya dawo. Ita ce ta ce masa hannunsa na jinya ne. Ranar da ka ƙi sa hannu a fom ɗin, a ɗakinta ya shiga ya zauna, ita kuwa ta shekara da rasuwa."

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini.

Ta ce, "An gaya maka. Kana ba mu labarin gobe."

Na fita. Na je na buɗe shago ranar Lahadi, na goge allunan da ba mai kallo.

Ni don kaina na yi? In uba ya hango hanya, ba zai sa ɗansa a kai ba? Na hango ne ba daidai ba, shi ke nan. Kuskuren hange ba mugunta ba ne.

Na rubuta wannan na karanta. Yana da kyau a takarda.

Talata, 23 ga Satumba

An yi shirin.

Ɗaki ƙarami a saman wani bene, fitilu biyu, kujeru masu laushi, da matasa kamar ashirin da aka tara su yi kallo. Duk abin da suke ɗauka da shi waya ce a kan sanda. Na lura. Mai shirin ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo ruwa. Ya girme wa Auta da kaɗan.

Na je da littafina. Mai shirin ya cika alkawari, ya saka wuraren da na ce. Wasiƙa, fuska daga nesa, sayayya. Yaran suka yi tafi. Na yi musu bayanin fanka, na zana a takarda yadda zafi ke fita, suka yi shiru suna ji. Wata yarinya ta ce, "Ashe Baba masani ne." Wallahi na ji daɗi. Shekara nawa rabon da a yi shiru ina magana.

Sai ya ce akwai wani ɗan wuri a ƙarshen kaset ɗin da yake so mu gani tare.

Ban tuna da shi ba sam. An gama hira, mai tambayar ya sunkuya wajen Babba. "Kai kuma saurayi, me kake so ka zama?" Yaron ya ɗago. Ya gyara riƙon kibod ɗin. Fuskarsa ta buɗe, irin ta wanda ya daɗe da amsa a baki yana jiran a tambaye shi. Ya ce, "Ni..."

Sai hannuna ya sauka a kafaɗarsa. Muryata: "Ai an gama wannan maganar."

Aka yi dariya a kaset ɗin. Yaron ya rufe baki. Ya kalli kyamara, ya yi murmushi, saboda na gaya masa tun a gida ya riƙa murmushi.

A ɗakin ba wanda ya yi dariya.

Mai shirin ya ce, a hankali, "Baba, da za a mayar da kai wannan ranar, me za ka canja?"

Duk suna kallona. Wayar tana kallona. Na san Babba zai gani. Na san abin da ya kamata.

Na ce, "Kwat ɗin."

Suka fashe. Tafi, har da masu tashi tsaye. Mai shirin ya riƙe ciki. Ya ce wannan ne zai fi na fankar tafiya.

Na ci nasara. A motar dawowa na bar littafin a kan kujera, sai da na sauka na tuna, ban bi motar ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Auta ta kalla. Ta kawo mini ruwa ta ajiye nesa da hannuna.

Asabar, 27 ga Satumba

Yanzu mai shayi cewa yake, "Injiniya, kwat ɗin!" yana ɗaga mini babban yatsa. Ya ce na burge. Mai walda ya nemi mu ɗauki hoto.

Babba bai rubuta komai ba a ƙarƙashin wannan. Na sa Auta ta duba sau biyu. Na ce mata ina son in san ko an zage ni ne.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na bi lambobin da ke manne a jikin kwamfutocin, ko masu su za su zo. Yawanci ba sa shiga. Ɗaya ya rasu. Wata ta ce, "Wace kwamfuta?" Wani malamin makaranta ya ce zai zo gobe, da murya irin ta wanda ba zai zo ba.

Na kai wa makarantar bayan layi tayin guda biyar kyauta. Shugabar ta yi godiya sosai, ta ce ba su da wurin ajiyewa.

Talata, 7 ga Oktoba

Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo da kura.

Na ce musu duk suna aiki. Babbansu ya ce, "Ba komai Baba, mu cikin muke so." A nan bakin shago suka fara. Guduma. Ba su ko kwance sukurori ba, ga sukudireba ina miƙa musu. Suna ɓalle allon ciki su jefa buhu ɗaya, wayoyi buhu ɗaya, sauran a kura. Wadda ta girmi Auta, na sa mata sabon batir bara ba don kowa ba, bugu biyu ta yi.

Na shiga ciki in ɗauko tsintsiya, sai ɗakin ya juya. Na kama kanta, na zame na zauna a ƙasa. Ƙeyata kamar an ɗaura dutse. Ban san minti nawa ba. Ina jin gudumar a waje, ba wanda ya leƙo.

Na tashi da kaina. Na share. Na cire allon sunan shagon, na rasa inda zan kai shi, na jingina shi a bayan ƙofa na bar wa masu waya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Maman yara ta gane, wai idona ya yi ja kuma ina dafa bango. Ta ce in je a auna jinina, ga asibiti nan bayan layi. Na ce gajiya ce.

Ta ce, "Malam, ni ba zan iya juya ka ba. Ka sani."

Asabar, 11 ga Oktoba

Gida. Na gyara makunnin fitilar banɗaki da ba abin da ya same shi. Ciwon kan yana nan.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na je awo.

Mota biyu, ta biyun a tsaye. Ban gaya wa kowa ba. Wurin ƙarami ne, benci huɗu, fenti kore. Na yanki kati kamar kowa, na zauna a layi tsakanin wata mai ciki da wani tsoho mai tari. Sama da awa ɗaya.

Daga inda nake ina hango Babba ta ƙofa. Ya yi furfura a gefen kunne. Ban sani ba. Wata tsohuwa tana ta yi masa faɗa a kan allura, yana cewa, "Haka ne Mama, kin fi ni gaskiya, kawo hannun." Har ta ba shi. Tsohon da ke kusa da ni ya ce in yi addu'a in faɗa layin wannan, ɗayar tana da zafin hannu.

Aka kira lambata. Ya ɗago daga katin, ya ga sunan, ya gan ni. Ya miƙe tsaye.

"Baba. Lafiya? Mama ce?"

Na ce kowa lafiya, awo na zo.

Sai ya jawo mini kujera. Ya naɗe mini hannun riga da kansa, ninki uku, ya ɗaura abin awon. Ya ce in daina magana, alhali ban ce komai ba. Abin yana matse ni. Ya duba. Ya sake. Ya canja hannu ya sake.

"Tun yaushe kake jin jiri?"

Na ce ban ce ina jin jiri ba.

"Tun yaushe, Baba?"

Na ce Talata.

Ya ja numfashi ta hanci, yadda uwarsa take yi. Ya shiga da ni wurin likita da kansa, ya tsaya a bayana, duk tambayar da aka yi mini shi ya riƙa ƙara bayani. Ya karɓo maganin, ya rubuta a jikin kwalin da manyan baƙaƙe, safe, safe, safe. Ba gishiri. Ya ce, "Ka ci abinci?" Na ce na ci. Ya fita ya dawo da burodi da ruwa, ya tsaya har na ci rabi.

Ba mu yi maganar bidiyo ba. Ba mu yi maganar komai ba. Da ya raka ni bakin ƙofa na ce an rufe shagon. Ya ce ya ji. Na ce aikin nan naku da yawa. Ya ce da yawa. Na ce tsohon can ya ce kai ka fi iyawa. Ya kalli ƙasa. Aka kira shi daga ciki.

Ya ce sai an riƙa aunawa duk sati har jinin ya sauka, kuma ba sai na sha wannan doguwar tafiyar ba, ko ina za a iya yi mini.

Na ce na ji.

Da na dawo Maman yara ta ga kwalin, ta juya shi, ta ga rubutun. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Asibitin bayan layi fa? Minti biyar ne."

Na ce injin awonsu ba shi da kyau.

Ban taɓa shiga ba. Litinin mai zuwa sai na fita da wuri, motar farko tana cika.